Daga Wawa Zuwa Jahili: Yadda Zagi Ya Adana Tarihinmu

Bahaushe ba ya rasa sunan da zai kira wanda ya raina wa hankali: wawa, soko, gaɓo, dolo, gaula, sauna, sakarai, shashasha. Sai dai kowace kalma da inda ta dosa. Dolo shi ne wanda kansa bai ja, sakarai kuwa yana iya zama da wayonsa, amma bai san ciwon kansa ba. Idan muka bi sawun waɗannan kalmomi za mu ga cewa ma'aunin wauta ya sha sauyawa, kuma duk lokacin da ya sauya, akwai waɗanda aka ɗora wa sunan ba tare da sun ci ba.

A tsohuwar al'ada wauta tana da gurbinta. A tatsuniya kura ce ke ɗauke da ita, kullum kwaɗayi na kai ta hannun Gizo. A fada kuma akwai wawan sarki, wanda aka yarje wa ya faɗi abin da hakimi ba zai iya furtawa ba, domin an riga an ɗauki maganarsa wasa. Wautarsa sana'a ce, kuma sau da yawa ta bakinsa sarki ke jin gaskiya.

Musulunci ya zo da nasa ma'aunin. Daga Larabci muka samu jahili, wato wanda bai san abin da ya wajaba ya sani ba na addininsa. Akwai kuma safihi, wanda masu tafsiri ke fassarawa da wawa, amma a fiƙihun Malikiyya ma'anarsa ta shari'a ce: mutumin da ke almubazzaranci da dukiya har alƙali ya hana shi tasarrufi da ita. A nan malamai suka raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Wauta raunin tunani ce, jahilci kuwa rashin karatu ne, kuma maganinsa zaure da allo.

Birni ma ya ƙara nasa. Bagidaje da baƙauye asalinsu bayanin mazauni ne, amma a bakin ɗan birni suka koma zagi. Haka kalmar gwaranci, wadda ta mayar da sunan al'ummar Gbagyi lakabin maganar da ba ta fita. Wanda bai iya Hausar birni ba, ko bai san ciniki a Kurmi ba, sai aka lissafa shi cikin wawaye, ko da kuwa gonarsa ce ke ciyar da masu yi masa dariya.

Sauyi mafi girma ya zo da boko. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, daga nan rubutun boko ya zama na ofis da albashi. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da shirin koya wa manya karatu, aka kira shi Yaƙi da Jahilci. Shirin ya amfani jama'a da yawa, amma sunansa ya bar tabo. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da lissafin fataucinsa da ajami, ya wayi gari yana cikin waɗanda ake yaƙar jahilcinsu, don kawai bai san a, ba, ca, da ba. Kalmar da malamai suka kawo ita ce aka juya aka jefe su da ita.

Har yau muna cikin wannan gado. A aji ana kiran yaro daƙiƙi saboda Turanci ya gagare shi, samari na kiran wanda aka damfara gara, ko su ari mumu daga Turancin buroka. A asibiti da banki kuwa, ma'aikaci kan yi wa tsohuwa kallon sakarci don ba ta gane takardar da ba a rubuta da harshenta ba. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma gaskiya ne. Amma kafin mu kira wani jahili, ya kamata mu tambayi kanmu abin da bai sani ba, sannan mu tambayi abin da ya sani wanda mu ba mu taɓa koya ba.