Tarihin Sunaye: Na Maza, Na Mata, Da Na Kowa

Jama'a, a zamanin nan mu kan ji iyaye suna cigiyar sunan da ba kowa gare shi ba, har waɗansu su ce sun fi son wanda zai dace da namiji ko mace. Kafin mu zaɓa, ya kamata mu waiwayi yadda magabata su ka yi.

A cikin tarihin Kano, sarakunan farko sunayensu na gargajiya ne zalla, kamar su Bagauda da Warisi da Gijimasu. Sai a zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa su ka zo daga Mali da addinin Musulunci. Ba a daɗe ba a ka fara samun su Umaru da Dauda da Yakubu a kan gadon sarauta. Tun daga nan ɗan Bahaushe ya zama mai suna biyu: na yanka, wanda liman ke raɗawa ran bakwai, da laƙabin da a ke kiransa da shi a gida.

Sunan yanka kusan kullum ya kan raba namiji da mace. Sunan rana ma haka ne, ga Ɗanjuma ga Jummai, ga Ɗanladi ga Ladi. Amma inda a ka dubi yadda haihuwa ta zo, nan ne a kan sami sunan kowa da kowa. Wanda ya bi tagwaye Gambo ne, ko ɗa ko 'ya, na ƙarshe kuwa Auta. Hajiya Gambo Sawaba, wadda a ka haifa a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, amma da Gambo duniya ta san ta. Da sunan nan kuma a ka san Muhammadu Gambo Jimeta, wanda ya zama shugaban 'yan sandan Nijeriya a 1986.

Ko mummunan suna ma da dalili a ke sa shi. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa, watau mai wabi, ta kan kira jaririyarta Ajuji, wai don mutuwa ta raina ta, ta bar ta.

Malamai su ma sun taɓa kauce wa al'ada. A 1793 a ka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye. Namijin ya ci suna Hasan, macen kuwa, maimakon sunan tagwaye da kowa ke tsammani, sai ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u, wadda ilminta ya game ƙasar Hausa.

Ashe dai baƙon suna ba sabon abu ba ne, sai dai magabata ba su sa shi don daɗin kunne kaɗai ba. To, iyaye, ku tuna jaririn nan zai yi furfura da sunan da ku ka ba shi. In an tambaye shi ma'anarsa, ya zama yana da amsar da ba zai ji kunyarta ba. Allah ya raya mana zuriya, amin.