Jana'izar da Ta Haifar da Layin Waya

A shekarar 1935, a birnin Lincoln na Ingila, wani matashin malamin coci mai suna Chad Varah ya jagoranci jana'iza karo na farko a rayuwarsa. Mamaciyar yarinya ce da ba ta wuce shekara 14 ba. Ta ga jinin al'adarta na farko, ba wanda ya taɓa yi mata bayani, sai ta ɗauka muguwar cuta ce ta abin kunya. Ta rasa wanda za ta tambaya, ta halaka kanta.

Abin ya tsaya wa Varah a rai. Ya soma wayar wa matasa kai game da balaga. Ranar 2 ga Nuwamba 1953 ya buɗe layin waya a cocin St Stephen Walbrook da ke Landan, inda mai damuwa zai kira a saurare shi. Nan ne asalin ƙungiyar Samaritans.

Bayanin da yarinyar ta rasa bai fi na minti biyar ba: jinin nan lafiya ne, ga audugar mata a jakar makarantarki, ga malamar da za ki samu. Uwa ko yaya ko gwaggo ta faɗe shi tun ranar ba ta zo ba.