Wurin Zama a Hanyar Akokan: Haƙƙin Wanda Ya Riga da Ladabin Matafiya

Garin Akokan ba shi da ganuwa, ba shi da tsohuwar fada ko kushewar kakannin kakanni, domin kuwa ma'adinin yuraniyom ne ya kafa shi, kamar yadda ya kafa maƙwabcinsa Arlit a shekarar 1969. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Sannan aka kafa COMINAK a 1974, wanda ya haƙa ramin Akuta, mai zurfin kimanin mita 250, ya soma aiki a 1978, kuma saboda ma'aikatansa ne aka gina Akokan. Idan aka ɗebe Abzinawa makiyaya, waɗanda suka san wannan jeji da rijiyoyinsa tun gabanin a san akwai wata dukiya a ƙarƙashinsa, kusan duk dattijon da za ka gani a garin zuwa ya yi, daga Tawa ko Maraɗi ko Damagaram ko Dosso ko Yamai, kuma bai zo ba sai da ya nemi wurin da zai zauna a kan wata mota har tsawon yini ko kwanaki. Saboda haka wanda ya nufi rubuta tarihin mutanen wannan gari, ba na rami da injuna kaɗai ba, lalle ne ya tsaya a kan mas'alar wurin zama, wato wa ke zaɓa, da me ake zaɓa, da kuma abin da wanda ya samu wuri mai kyau yake yi da ɗan'uwansa da bai samu ba.

Ƙasar da ake magana a kanta tsohuwar hanyar matafiya ce. A Azelik, inda masu bincike na Faransa suka fara gano yuraniyom a 1957, nan ne masana tarihi da yawa suke ganin birnin Takadda ya kasance, wanda Ibnu Baɗuɗa ya sauka a cikinsa a 1353, kuma Shehu Magili ya bi ta kansa kafin ya isa Kano. A wancan zamani, da ma zamanin da Bature Barth ya shiga Agadas a 1850 ya kuma bi ayarin gishiri zuwa ƙasar Hausa, babu matafiyin da yake zaɓa wa kansa matsayi a cikin ayari yadda ransa ya so. Madugu ne mai faɗa a ji: shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango, shi ke sanin adadin mutane da raƙuma da salkunan ruwa. A ayarin fatake kuwa akwai jagaba a kan gaba, da uban dawaki mai shiga tsakani da sarakunan hanya, kuma akan sa masu rauni inda idon jama'a zai kasance a kansu, domin wanda aka bari a baya a Tenere, tsakanin Abzin da Fashi da Bilma, da wuya a sake jin labarinsa. Wannan tsari ya dace da abin da Sunna ta yi umarni da shi, cewa ko mutum uku ne suka fita safara su shugabantar da ɗaya daga cikinsu.

Malamanmu ba su bar mas'alar majalisi ba tare da hukunci ba. Ƙa'ida ce sananniya a wurin fuƙaha'u cewa abin da yake mubahi ga kowa, kamar sahun masallaci da inuwar hanya da filin kasuwa, wanda ya riga kai wa gare shi shi ne mafi haƙƙi da shi. An kuma hana mutum ya tayar da ɗan'uwansa daga mazauninsa domin shi ya zauna. Kuma wanda ya tashi saboda wata larura ya komo, wurinsa nasa ne. Amma Alƙur'ani mai girma, a Suratul Mujadala, ya haɗa wannan haƙƙi da umarnin a yalwata wa juna a majalisai, kuma a Suratul Hashri ya yabi mutanen Madina da isari, wato fifita wani a kan kai alhali kai ma kana cikin buƙata. Duk almajirin da ya sauke Risala ya wuce ta kan babin da ya ƙunshi sallama da neman izini da addu'ar tafiya, wanda ya kai ga Ihya'u kuwa ya tarar Imamu Gazali ya keɓe wa ladubban safara littafi guda. Mutanen da suka hau motocin Arlit a shekarun farko, ko da mafi yawansu ba su karanta waɗannan littattafai ba, sun taso a gidajen da hukunce-hukuncensu suka zama al'ada.

Kafin a shimfiɗa kwalta, tafiya arewa da Agadas ta manyan motocin kaya ce, kuma kujerar da za a kira kujera ita ce ta gaban mota kusa da direba, wadda kuɗinta ya fi, kuma galibi ta attajiri ce ko malami ko wanda ya san mai mota. Sauran jama'a bisa kaya suke hawa, bayan yaran mota sun ɗaure buhunan gero da katifu da akwatuna, sun rataye bidodin ruwa da aka naɗe da algarara a gefe da gefe. A nan ne gogaggen matafiyi yake bambanta da baƙo. Gogagge yakan zo tun ana lodi, ya lura da inda aka jera buhunan hatsi da inda aka jera ƙarafa da ganguna, domin wanda ya zauna a kan bakin ganga ba zai kai rabin hanya ba sai ƙugunsa ya gaya masa. Yakan nemi kusa da kan mota, inda jijjiga ta fi sauƙi kuma ƙura ba ta kai ta baya ba. Gefe yana da daɗin miƙe ƙafa da shan iska, amma yana da haɗarin gyangyaɗi, wanda kuwa ya faɗo cikin dare mai yiwuwa ne ba a farga ba sai an yi nisa. Tsakiya kuma babu faɗuwa, sai dai matsi da sagewar ƙafa. Abin da al'ada ta tsayar, ba tare da wata doka a rubuce ba, shi ne mata da yara da tsofaffi su shiga tsakiya, samari majiya ƙarfi su kewaye su ta bakin kaya, kuma kowa ya zama mai tsaron maƙwabcinsa, ya zungure shi idan ya ga kansa ya soma rinjaya.

Da aka gama hanyar yuraniyom wajen 1980, wadda ta taso daga Tawa ta bi Abalak da Agadas ta ƙare a Arlit, tsawon fiye da kilomita 600, domin manyan motoci su kai ma'adini kudu har tashar jirgin ƙasa ta Paraku, daga can zuwa gaɓar teku a Kwatano, sai talaka ma ya ci albarkacinta. Motocin SNTN, sannan SNTV, sannan na ƴan kasuwa irin su Rimbo, suka mai da tafiyar kwanaki ta zama ta yini da ɗan dare. Tare da waɗannan motocin fasinja, da ake kira kar, aka sami wani tsari da ya daɗe yana aiki a tashoshin Nijar, wanda a ganina ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau: ana rubuta sunan fasinja a lokacin da ya sayi tikiti, idan asuba ta yi ma'aikaci ya tsaya a bakin ƙofa da takarda yana kiran sunaye bi da bi, wanda aka kira ya shiga ya zauna inda ya ga dama. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Saboda haka mai hankali yakan yanki tikitinsa tun jiya ko shekaranjiya, wanda gidansa ke Akokan kuwa, tun da akwai ƴar tazara tsakaninsa da tashar Arlit, sau da yawa yakan kwana a kan tabarmar tasha domin kada a kira sunansa ba ya nan.

Zaɓen kansa ilmi ne. Kujerun da ke bisa ƙafafun baya su ne mafi sharri, domin kowane rami a can yake sauka. Layin ƙarshe kuma ga zafin inji ga tsalle. Bakin ƙofa yana da sararin ƙafa, amma yana da ƙura da yawan tashi. Mas'alar rana ita ce mai wuyar warwara, domin motar da ta bar Arlit da asuba kudu ta nufa, idan hanya tana da kyau hantsi yana dukan ɓangaren hagu har a isa Agadas, bayan kilomita wajen 240. Daga nan hanya ta karkata kudu maso yamma, idan rana ta yi gora ta juya sai na dama ya karɓi rabonsa har Tawa. Babu ɓangaren da ya tsira yini guda cur, sai dai mutum ya duba inda zai sauka ya zaɓi zafin da zai iya ɗauka.

Inda nake so mai karatu ya tsaya shi ne abin da yake faruwa bayan an gama kira. Saurayin da aka kira na uku ya zauna a gaba da haƙƙinsa, babu mai ikon tayar da shi. Sai ga tsoho an kira shi na hamsin, yana dafa kujeru yana nufar baya. Idan saurayin ya miƙe ya ce, “Baba, dawo nan ka zauna,” tsohon ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana,” to, an cika haƙƙi an kuma cika isari a lokaci guda, kuma duk motar ta shaida. Haka ake yi wa mai goyo da mai ciki da majinyacin da za a kai asibitin Yamai, haka kuma maza sukan yi musanya domin mace ta zauna kusa da ƴar'uwarta mace. Idan an tsaya salla, an yi ƙasaru an haɗa azahar da la'asar a bakin hanya, kowa wurinsa yake komawa, kuma rawani ko buta da aka bari a kan kujera sun isa hujja. Abin da nake ƙi, kuma na san matafiya da yawa suna ƙinsa, shi ne mutum ɗaya ya shiga da wuri ya baza kayansa a kan kujeru huɗu yana cewa da mutane, alhali mutanen nasa suna can ƙarshen takarda. Kama wa tsohuwarka wuri ko iyalinka abu ne da urfi ya yarda da shi. Kama wa abokan hira kuwa cin haƙƙin waɗanda suka yi sammako ne, kuma fasinja su yi shiru a kansa bai mai da shi halal ba.

Jirgin sama ma ya san Arlit tun farko, domin kamfanonin ma'adini sun yi filin sauka suna jigilar ma'aikatansu tsakaninsa da Yamai. Sai dai a nan ba sammako ke ba da wuri ba, muƙami ne, kamar yadda gidajen unguwar kamfani suke a rabe, na manyan ma'aikata daban, na matsakaita daban, na leburori daban, waɗanda ba su da aikin kamfani kuwa suna bayan gari a unguwannin da suka gina da hannunsu, irin su Bukoki a Arlit. Tafiyar da jirgi yake yi cikin sa'o'i kaɗan ita ce mai kar yake kwana yana yi. Abin lura shi ne tsarin kiran suna da muka sani a tasha ya taɓa samun ɗan'uwa a sararin samaniyar Amurka: kamfanin Southwest, wanda ya fara tashi a jihar Tekzas a 1971, shekarar da SOMAIR ta fara fitar da ma'adini, ya yi fiye da shekara hamsin ba ya ba fasinja lambar kujera, sai lambar layin shiga, wadda daga baya aka raba rukunin A da B da C. Fasinjojinsa sun koyi irin dabarun da namu suka koya, na yin rajista da zarar an buɗe ta sa'a 24 kafin tashi, da na ɗora jaka a kujerar kusa. Sun kuma yi irin jayayyar da muke yi a kan kama wa wani wuri. A Turai easyJet ya bar wannan tsari a 2012, Ryanair a 2014, Southwest kuma ya sanar a Yulin 2024 cewa zai bar shi, ya sa Janairun 2026 ya zama farkon kujeru masu lamba. Lamba tana kashe gardama, wannan gaskiya ne, amma a can ta zo tare da sayar da kujera mai kyau ga wanda ya ƙara kuɗi, kuma wanda ya biya kuɗi na musamman domin mazauninsa ya fi wuyar tashi ya ba tsoho.

Hanyar Arlit ta ga shekarun da zaɓen kujera ya zama ƙaramin al'amari. A lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, motoci sukan jira a haɗa su ayari guda da rakiyar soja, sai tsarin madugu ya dawo da wata siffa. Mafi ciwo kuwa shi ne abin da ya auku a Oktoban 2013, sa'ad da aka tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda suka tashi daga Arlit a motoci biyu suna nufin Tamanrasat, motocin suka lalace, ruwa ya ƙare. Allah ya jiƙansu da rahama. Kowannensu ya samu wurin zama a kan mota. Abin da tafiyar ta rasa shi ne mutum guda da amanar rayukan take wuyansa, wanda zai ƙidaya kawuna da ruwa kafin a tashi, ya kuma ƙi tashi idan lissafin bai cika ba.

An rufe ramin Akuta ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya ba da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ma'aikatan kamfanin wajen 600 suka rasa aikinsu, ban da na ƴan kwangila. Da yawa daga cikinsu sun ɗaure kayansu sun koma kudu ta hanyar da ta kawo su ko ta kawo iyayensu, sai dai kwaltar ta ci ta cinye, har a wurare da dama tsakanin Arlit da Agadas direbobi sukan sauka daga kanta su bi rairayi, tafiyar da a da ake yi kafin hantsi ya dubi ludayi ta koma cin mafi yawan yini. A kan irin wannan hanya bambancin kujerar gaba da ta baya ya wuce zancen jin daɗi, ya zama zancen lafiyar jiki ga dattijon da ya ƙare ƙarfinsa a ƙarƙashin ƙasa da matar da take ɗauke da juna biyu. Kamfanonin sufuri, ko suna kiran suna ne ko sun koma ba da lamba, suna da ikon keɓe layuka biyu na gaba domin tsofaffi da majinyata da masu ciki a kuɗin da kowa yake biya, a shigar da su kafin a fara kiran sauran jama'a, kuma ma'aikacin da yake riƙe da takarda a bakin ƙofa ya san su tun daren jiya, domin a gabansa suka shimfiɗa tabarma.