Yadda Haƙƙin Talaka Ya Raba Jam'iyyar Mutanen Arewa

 Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, don haka a wannan fitowa za mu koma shekarar 1950.

A zamanin Turawa an ware wa kowa wurin zamansa. Bature yana unguwarsa ta GRA, an bar fili fetal tsakaninsa da baƙar fata. Mutanen Kudu suna Sabon Gari, 'yan gari suna cikin birni a hannun En'e. Talaka kuwa nasa biyan haraji da jangali da aikin tilas, ba shi da ta cewa.

A cikin wannan hali 'yan boko suka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a watan Yuni 1949, Dokta Dikko na shugabanta. Manufarsu yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. To, a kan zaluncin nan aka samu saɓani. Wasu suka ce a bi sarakuna sannu a hankali, matasan Kano suka ce ai tura ta kai bango. Ran 8 ga Agusta 1950 suka kafa NEPU, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu, Bayarabe daga Lardin Kabba. A taron Jos na Disamba 1950 aka raba gari. A 1951 jam'iyyar ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu Kano kuma ya karɓi ragamar NEPU a 1953.

Me NEPU ke nema? Talaka ya zaɓi wakilinsa da hannunsa, a gyara En'e da kotunan alƙalai, mata su yi zaɓe. Sun sha bulala da kurkuku a kan haka, Hajiya Gambo Sawaba shaida ce. Matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai 1976.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka a 1948, da jam'iyyar Dimokurat ta Shugaba Truman ta goyi bayan 'yancin baƙar fata, wasu wakilan Kudu suka fice daga taro, suka tsai da Strom Thurmond, ya ci jihohi 4. Can masu son wariya ne suka fita, nan kuwa masu neman haƙƙi.

Jama'a, mu da muke zaune a ƙasar Gbagyi tare da ƙabilu iri-iri, maganar "ɗan ƙasa" da "baƙo" ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Abin da Sawaba ta nema wa talakan Kano shi za mu nema wa kanmu, mu kuma nema wa maƙwabcinmu Bagwari ko Inyamiri. Ƙungiyar da ta toshe bakin ƙananan 'ya'yanta, rabuwa na tafe.

Allah Ya haɗa kanmu, amin.