Ɗan'uwa Rabin Jiki: Tarihin Gwaji Kafin Dashen Ƙoda

Hausawa kan ce ɗan'uwa rabin jiki. A wannan 'yar maƙala ina so in nuna yadda likitoci suka iske gaskiyar maganar nan, bayan sun sha wuya.

Tun da daɗewa likitoci sun lura idan aka ɗauko wani sashe daga jikin mutum aka dasa wa wani, jiki yakan yaƙe shi kamar yadda yake yaƙar cuta. A shekarar 1901 Karl Landsteiner ya gano jinin mutane rukuni-rukuni ne, amma dacewar jini kaɗai ba ta wadatar ba. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore shi ne wanda Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, kuma dalili shi ne mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya. A 1958 Jean Dausset, mutumin Faransa, ya gano wasu alamu a kan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira HLA, da su jiki yake bambanta nasa da baƙo. A 1969 kuma Patel da Terasaki suka nuna amfanin a haɗa ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyin mai bayarwa tun kafin aiki. In suka yi faɗa a kwalba, to, za su yi a jiki.

Alamun nan gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka shaƙiƙai sukan dace gaba ɗaya sau ɗaya cikin huɗu, 'yan uba kuwa galibi iyakarsu rabi.

A Nijeriya, asibitin St. Nicholas na Legas ne ya fara dashen ƙoda a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana cinikin sassan jikin mutum.

To, mutumin Ruwan Godiya ko Sabuwa da ƙoda ta gaza masa, bayan tafiyar Kano da kuɗin wankin ƙoda, abin da zai nema shi ne ɗan'uwan da zai yarda a gwada shi. A ganina aikinmu ne mu ɗalibai mu bayyana wa mutanenmu cewa da ɗibar jini ake gwajin, kuma lafiyayyen mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.