Mutum-mutumin Gonar Doya: Yadda Yumɓun Nok Ya Zaga Duniya

A shekarar 1943, wani akawu mai kula da ramin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan, ya samu wani kan mutum na gasasshen yumɓu da aka tono tare da tsakuwa. Bai ga abin da zai sa a ajiye shi a ɗaka ba. Sai ya kai shi gonarsa ta doya, ya ɗora a kan mutum-mutumin da ke kore masa masu ɓarna, kuma an ce kan ya shekara guda yana wannan gadi. Da Hausa, abin da ake kafawa a gona don tsorata tsuntsu da wanda ake girkewa a gidan tarihi duk mutum-mutumi ake ce musu. Wannan kai ya yi aikin biyun.

Manajan ma'adinan, wani Bature mai suna Townend, shi ya hango kan, ya karɓa ya kai Jos. Can ya nuna wa Bernard Fagg, matashin jami'in mulkin mallaka wanda ya karanci ilimin tonon kufai a Jami'ar Cambridge. Fagg na gani ya tuna da wani ɗan kan biri da ke ajiye a ofishin ma'adinai na Jos, wanda aka tono tun 1928 a haƙar Kanar Dent Young kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Yumɓun iri ɗaya ne, hannun maginan ma kamar na 'yan gida ɗaya. Daga nan Fagg ya raɗa wa dukan al'adar sunan Nok. Aron suna aka yi wa mutanen da daga ƙauyen yau, kuma da kan Jama'a ne ya fara fitowa, wataƙila da yanzu littattafan duniya "al'adar Jama'a" suke rubutawa.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaya daga cikin waɗannan kawuna ba ya mance idanun. Kusurwa uku gare su, ko kuma kamar rabin wata, an huda ƙwayar idon, haka ma hanci da kunne da baki. Hudar tana sa fuskar ta zama kamar tana kallon mai kallonta, sannan tana barin tururi ya fita lokacin gashi don kada aikin ya tsage. Cikinsu holoƙo ne, domin murɗa yumɓun aka yi aka yi ta ɗorawa, yadda mai ginin tukwane take tayar da randa. Ga kitso iri-iri, ga tulluwa, ga duwatsun wuya jere-jere har ƙirji, ga wani zaune ya ɗora haɓa a kan gwiwa kamar mai tunanin bashi. Kai kuwa kullum ya fi ƙarfin jikin da ke ɗauke da shi.

Fagg ya bi ramukan kuza yana roƙon leburori da 'yan kwangila su daina jefar da duk wani fasasshen yumɓu mai siffa. Da abin da suka tara masa da wasu kayan, aka buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952, wurin da aka fara jera waɗannan fuskoki don jama'a su gani. A 1953 aka yi dokar da ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Tun daga wannan baje koli na farko aka shata hanyar da har yau ba ta sake ba: a tono a kudancin Kaduna, a nuna a wani gari. Kuzar yankin da yumɓunsa duk waje suka nufa.

A shekarun 1960 Fagg ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja ta yau, inda ya samu gutsattsarin mutum-mutumi tare da murahun narkar da tama da suka girmi haihuwar Annabi Isa (AS) da ɗaruruwan shekaru. Wannan ya rufe bakin masu cewa sai da baƙi suka zo mutanen nan suka san ƙira ko zane.

Wanda ya fitar da Nok kasuwar idon duniya shi ne Ekpo Eyo, shugaban hukumar kayan tarihi ta ƙasa daga 1968 zuwa 1986. A bikin FESTAC na 1977 a Legas ya shirya nunin fasahar Najeriya ta shekara dubu biyu, kuma da Nok lissafin ya fara. A 1980 ya kai kaya ɗari birnin Detroit na Amurka: yumɓun Nok, tagullar Igbo-Ukwu, kawunan Ife, kayan Owo da na Benin. Daga Detroit aka wuce San Francisco da New York, sannan Landan a 1982. Eyo ya jera su ne yadda mai kallo zai fara da Nok kafin ya isa fadar Benin, wato ya ga cewa tarihin yana da tushe mai nisa. Dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan ƙasar Ham ba suka koma gida da sunan Nok a baki.

Sai dai idan kaya ya yi suna, ya yi kuɗi. Zuwa tsakiyar shekarun 1990, lokacin da naira ta faɗi warwas kuma noma ba ya riƙe gida, dillalai suka shiga ƙauyukan Kagarko da Jaba da Kachiya da kuɗi a jaka. Samari suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Aka yi ta huda gonaki da gangaren duwatsu, abin da ya fito a naɗe shi a tsumma, ya bi ta Kwatano ko Lome, ya ɓulla a shagunan Brussels da Paris. Mai tonon ɗan abin cefane yake samu, mai shagon Turai kuwa ya sayar da kuɗin da zai gina makaranta. Asarar ba ta tsaya ga mutum-mutumin ba. Gawayin da ke gefensa, da tukunyar da aka binne tare da shi, da zurfin da yake kwance, su ne ke faɗa wa masani shekarunsa da ma'anarsa, kuma duk wannan diga ke watsarwa cikin yini guda. Masu gasa na jabu ma suka samu sana'a.

A 2000 abin ya kai ga manya. A watan Afrilun shekarar, Shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe wani sabon zaure a gidan tarihi na Louvre da ke Paris don fasahar Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi, sai ga mutum-mutumin Nok guda biyu a ciki, waɗanda Faransa ta saya a hannun wani dillali a Beljiyam. A daidai lokacin ne ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da bai kamata kowa ya saya ba, kuma Nok na ciki. Aka yi ta cacar baki. A 2002 aka daidaita: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ake iya sabuntawa. Mai kaya ya samu takarda, mai aro ya riƙe kaya.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe da ke Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, suka fara tono na ƙa'ida tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka kafa sansani a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko. Binciken nasu ya tura farkon al'adar baya zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ginin mutum-mutumi kuma ya kankama wajen 900. Sun gano cewa mutanen suna noma gero da wake, suna cin atili, wannan ɗan itacen da har yau ake tallarsa a tashar Kafanchan. A 2021 masana a Jami'ar Bristol suka samu ragowar kakin zuma a jikin tukwanen Nok, shaidar cewa sha'anin zuma a wannan yanki ya kai shekara 3,500. Wani abin mamakin shi ne kusan duk mutum-mutumin da masanan Frankfurt suka samu a fashe yake, an zuba gutsattsarin a rami, sau da yawa kusa da jerin duwatsun da ake kyautata zaton kaburbura ne. Ƙasusuwan kam ƙasar ta cinye su. Duk wanda ya ga cikakken Nok ba ko kwarzane a shagon Turai, yana da dalilin yin tambaya.

A Oktoban 2013 aka baje fiye da guda ɗari na abin da suka tono a gidan Liebieghaus na Frankfurt, kafaɗa da kafaɗa da sassaƙen tsohuwar Masar da Girka. Nunin ya yi kyau, amma wasu masana na gida, ciki har da Zacharys Gundu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun yi ƙorafin da ke da wuyar turewa: don me Bajamushe zai riga ɗan Janjala ganin abin da aka tono a bayan gidansa? Jamusawan suka ce a can ne ake da kayan aikin haɗa gutsattsarin. Bayan an rufe nunin a 2014, kayan suka dawo Najeriya, aka kai su Gidan Tarihi na Kaduna da ke titin Ali Akilu, tsohon ginin jam'iyyar NPC da aka mayar gidan tarihi a 1975.

A ƙauyen Nok akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na hukumar ƙasa, kuma duk shekara wajen lokacin Ista mutanen Ham na taruwa a Kwoi don bikin Tuk Ham, inda ake ambaton Nok da alfahari. Amma ɗan makarantar Kafanchan da malaminsa ya ba shi labarin kan Jama'a, in yana son ya ga manyan kayan ido da ido, sai ya shiga mota zuwa Jos ko Kaduna, ko ma Legas. Biyun da ke Paris kuwa, wa'adin aronsu na shekara 25 zai cika a 2027.