Abin da Ruwan Tibiri Ya Rubuta a Haƙoran Yara

Gulbin Maraɗi, wanda ya ratsa ta gefen Tibiri a Jamhuriyar Nijar, gangarowa yake yi ya haɗe da Gulbin Rima, ruwansa ya bi ta Goronyo da Wurno. Tarihi ma ya ɗaure garuruwan nan. Bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya ci Gobirawa a yaƙin Gawakuke a 1836, waɗanda suka ƙi miƙa wuya ne suka kafa Tibiri. Don haka abin da ya sami yaran Tibiri labarin dangi ne ga mutanen wannan kwari.

A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa famfunan garin da wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano, jama'a kuma suka yi maraba da shi. Sannu a hankali haƙoran yara suka riƙa fitowa da dabbare-dabbare, daga fari kamar alli zuwa ruwan ƙasa. Daga baya ɗaruruwan yara suka tashi da karkatattun ƙafafu. Da aka auna ruwan, sai aka tarar sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a lita, fiye da sau uku. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin.

Haƙora sun yi gargaɗi tun kafin ƙasusuwa su lanƙwashe, kuma dalilin yana cikin halittar farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, domin kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne. Ana gina shi ne a cikin dasashi, daga jarirantaka zuwa wajen shekara takwas, kuma da zarar haƙori ya ɓullo, ƙwayoyin halittar da suka gina ɓawon sun gama aikinsu, ba sa dawowa. Fulorayid kaɗan yana ƙara masa juriya ga tsamin da ke cin haƙori. Idan ya yi yawa lokacin ginin, sai ɓawon ya fito da tabon da zai zauna har tsufa.

Duniya ta san wannan tun kafin a haƙa rijiyar Tibiri. A 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka a Colorado Springs ta Amurka, ya tarar da mutanen garin da rinannun haƙora waɗanda kuma ba kasafai suke ruɓewa ba. Sai a 1931 aka tabbatar cewa fulorayid na ruwan sha ne sanadi. A 1945 birnin Grand Rapids ya fara zuba shi a ruwan famfo bisa ma'auni don rage ruɓewar haƙora. Kowa ya san gishiri a miya: awo ne ke raba gyara da ɓarna.

A yau burtsatse ta zama abin da ɗan siyasa ke alkawarta wa mazaɓarsa, attajiri kuma ya haƙa a matsayin sadaka mai gudana, daga ƙauyukan Rabah har zuwa Goronyo. Ido ba ya ganin fulorayid, tafasa ruwa kuma ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Awo ne kaɗai ke nuna shi, kuifin awon bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa.

Iyaye ma suna da abin lura. Jan goro a saman haƙori yake, aswaki da buroshi suna rage shi. Tabon fulorayid kuwa a cikin ɓawon yake, dirza shi da gawayi ko toka ko lemun tsami ba ya fitar da shi, sai dai ya kankare ɓawon da ba ya sake tsirowa. Idan yaran unguwa ɗaya, masu shan rijiya ɗaya, suka fara fitar da haƙoran girma masu irin wannan tabo, a ɗebi ruwan a kai awo tun ƙannensu ba su kai shekara takwas ba.